Yagaggen Sinasir a Gefen Ƙarfe

Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai da 'yata ta haihu a Malesiya. Ita ce 'yar fari, ba na kiran sunanta, a nan ma ba zan kira ba. Mijinta yana karatu a Kuala Lumpur, gwamnati ce ta tura shi. Da a gida ne, ita za ta zo wurina wanka tunda haihuwar fari ce. Ba hali, sai aka ɗauko ni.

Na taho da kanwa da yajin jego da daddawa da garin kunu. Tandata aka hana ni a filin jirgi, wai kaya sun yi nauyi, na miƙa wa ƙanena ya koma da ita. Da waina da sinasir na ciyar da yarinyar nan tun shekarar da aka ƙone garinmu aka kashe ubanta, har ta gama makaranta ta yi aure. Ni ban yi boko ba. Suya na iya.

Gidansu a unguwar Setapak yake, wani dogon bene, su suna can sama. Ɗaki biyu da falo, sai kicin da in na buɗe hannuwana nake taɓa bangonsa biyu. Tagar falon wani benen take kallo. A ƙasa akwai fili da aka kewaye da katanga, ƙofa ɗaya, da ɗan ɗakin maigadi.

Ranar suna matan ɗalibai suka cika falon, rabin magana Hausa rabi Turanci, aka ci aka sha aka watse. Kowace tana da karatu ko yara. Bayan suna gidan ya yi tsit. Mijin ya fita da safe, sai magariba. Ni da ita da jariri, sai fanka.

Na yi aikin da ya kawo ni. Ganyen darbejiya surukina ya samo min a Brickfields, wajen Indiyawa, su ma ashe suna amfani da shi. Ruwan wanka a butar lantarki nake dafawa ina juyewa a bokiti, kafin ta ƙarshe ta tafasa ta farko ta fara hucewa. Na dama kunun kanwa. Na yi farfesun kaza, na yi tuwon shinkafa da miyar kuka.

Ba ta ci.

"Ke, tashi ki sha kunu."

"To, Inna."

Kunun zai zauna a kofi har ya yi fata. Ba ta musu, ba ta kuka. Ta zauna a bakin gado ta kafa wa bango ido. Yaron ya yi kuka ta ɗauka ta ba shi nono, ya tsotsa ya saki ya ci gaba da kukansa, don babu abin kirki a ciki. Wata rana ina yi mata wanka zobenta ya zame ya faɗa bokiti. Na ɗauka na ajiye a kan taga, ba ta tambaya ba.

Fita ɗaya take yi, asibiti, don wannan lalura ce. Muka je aka auna yaron aka auna ta. Likitar mace ce, ta daɗe tana magana da Turanci a hankali. Surukina ya juyo ya ce, "Inna, ta ce ba ciwon jiki ne kawai ba. Akwai wata damuwa da take kama mace bayan haihuwa."

Na ce na sani. A garinmu ma ana yi, asibiti ne dai ba ma kaiwa.

Aka ba ta magani, aka ce sai da abinci a ciki ake sha. Aka ce kuma in muka dawo awo na gaba tana nan tana ramewa, kwantar da ita za a yi, yaron ya zauna a gida da mu a ba shi madarar gwangwani. Ita ta riga ni ji, tana jin Turanci. Na ga ta ƙanƙame yaron har ya yi motsi. Da muka dawo na sa mata abinci, ta ce to, ta bar shi.

Ni ban iya zaman sama ba. Kullum da safe nakan sauka da sunan zubar da shara, in tsaya a filin nan ƙafata a ƙasa. A hawan ƙasa akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar, kowa Makcik yake ce mata, surukina ya ce kamar a ce gwaggo ne. A gaban ƙofarta akwai rumfar kwano, a ƙarƙashin rumfar wani abu a rufe da tamfol. Na ɗauka keken ɗinki ne.

Wata Asabar na tarar an yaye tamfol ɗin. Kasko ne, amma shimfiɗaɗɗe kamar tebur. Falle ɗaya na baƙin ƙarfe mai kauri, a kan ƙafa huɗu, tsayinsa daidai ƙugu. Tukunyar gas a ƙarƙashi, maɓallai uku a gaba. A bakinsa akwai ɗan kwari da mai yake gangarawa ya ɗiga cikin wani gwangwani. Jikokinta sun zo mata, sun kewaye ta kowa da faranti. A gefe ɗaya tana soya wani siririn burodi irin nasu, a tsakiya ƙwai da albasa, a can ƙarshe kifi, duk a lokaci guda a kan ƙarfe guda. Ba wanda ya shiga ɗaki. Daga ƙarfe sai faranti, a tsaye ake ci.

Daga baya surukina ya ba ni labarin kaskon. Mijinta ne yake sana'a da shi a bakin titi, da ya rasu ta ƙi sayarwa, ta mai da shi na gida. Masu kula da benen sun hana hura gawayi ko'ina, amma gas a fili a ƙarƙashin rumfa sun bari. Ya ce yanzu ma mutane sabo suke saye su ajiye a gida, wanda yake da fili.

Na tsaya ina kallo har ta gan ni. Ta nuna bakinta ta ce, "Makan." Na gane, ci. Na ci. Da na gama ta miƙo min abin juyi, wani faffaɗan ƙarfe mai mariƙin katako, ta ja gefe.

Ba ta jin Hausa, ba na jin nata. Da hannu ta koya min. Ta kama wuyan hannuna ta ɗora tafina a saman ƙarfen ba tare da ya taɓa ba, ta ja shi daga dama zuwa hagu. Nan zafi sosai. Nan tsaka-tsaki. Can ƙarshe ɗumi kawai, inda ta kashe maɓallin, wurin ajiye abin da ya dahu. Ta tsoma yatsu a ruwa ta yarfa. In ɗigon ya kwanta, ƙarfe bai yi ba. In ya dunƙule yana rawa, ya yi. In ya ɓace nan take, ya wuce, a rage.

Abin da ya dame ni wutar. Ba a ganinta. Ni wutar da ba na gani ba na yarda da ita, ina da dalili. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, na ga layin shuɗiyar wuta a jere, shiru, kowace a wurinta. Tsohuwar ta yi ta dariya. Ta nuna min inda ake buɗe tukunyar, ta nuna ita ake fara rufewa in an gama. Ta nuna ɗakinta, ta toshe hanci, ta girgiza kai. Na gane ba a kai shi ɗaki, sai inda iska take wucewa.

Da aka gama na je na ɗauko omo da soso, don ban saba ci in tashi ba. Ta make min hannu. Ta zuba ruwa kaɗan a kan ƙarfen tun yana da zafi, ya yi ƙara ya tafasa, ta kankare komai zuwa kwarin nan, ta goge da tsumma, ta ɗiga mai ta shafe shi ko'ina siriri. Ta buga baƙin ƙarfen da yatsa ta ɗaga min babban yatsa. Ban yi mamaki ba. Tanda ma haka take, baƙinta ne yake hana ta kamu, ba datti ba ne. Na dai ɗauka tunda wannan na kamfani ne yana da wata doka daban. Bambancin ɗaya, garin nan laima gare shi, ruwa kusan kullum da la'asar, in ba a shafa mai an rufe ba tsatsa za a tarar.

Ranar na jiƙa shinkafa. Na niƙa a injin markaɗen 'yata, na dafa kaɗan na haɗa, na sa yis na rufe. Da zafin garin, ƙullin ya riga na gida tashi. Da safe na sauka da roba a hannu, na nuna ƙullin na nuna ƙarfen. Ta ce, "Boleh." Wannan kalmar ma na riƙe ta, ana iya.

Sinasir ba ya son a juya shi. A zuba, a rufe, ƙasa ya soyu sama ya turaru. Na ari murfin tukunyarta na kifa. Ya fito yadda nake so, ƙasan ja, gefen yana ƙaras-ƙaras, saman fari da huji-huji. A kicin ɗin sama na gwada a ɗan kaskon 'yata mai santsi, fari fat yake fitowa, ga warin mai ya cika ɗaki yana tayar mata da zuciya. Wannan kuwa sinasir ne. Na ba tsohuwar ta ci ta lumshe ido. Na jera sauran a kula na nufi lif.

Lif ɗin benen nan a kowane hawa sai ya tsaya. Kafin in kai, sinasirin ya yi gumi, gefen ya saki. Na ajiye a gaban 'yata. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta rufe.

"Anjima, Inna."

Na juya zan fita sai ta ce, "A ina kika soya?"

Tun bayan suna ba ta tambaye ni komai ba. Na ce a ƙasa. Ta tashi ta je taga ta leƙa, amma tagar ba filin take kallo ba. Ta dawo ta zauna.

Na shiga kicin na tsaya, na tuna wani abu. Bayan mun gudo daga garinmu, tana ƙarama, haka ta yi. Ta daina magana. A sansanin da aka ajiye mu, mata su miƙa mata abinci ta kau da kai. Da na samu tanda na fara suya a bakin ƙofa, sai ta riƙa zuwa ta zauna a kan wani gwangwani kusa da ni. Suyar farko kullum yagewa take yi, tanda ba ta gama daidaita ba, ba a sayar da ita. Nakan ture ta gefe. In na juya ina ba mai saye, in waiwayo babu. Ban taɓa ce mata ci ba, ba ta taɓa cewa ta ci ba. Haka ta dawo.

Da magariba na sami surukina. Ba mu cika magana ba, da kunya a tsakani. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Gobe za ta sauka ƙasa."

"Inna, awon ba gobe ba ne."

"Ba asibiti ba. Wajen kaskon tsohuwar nan."

Ya murza yatsu. "Inna, Hajiya fa."

Hajiya mahaifiyarsa ce, tana Kano. Kullum sai ta kira ta wayar da ake ganin juna, kuma tambayarta ta farko ko mai jego ta fita. Ban ga laifinta ba. Ƙanwarta a jego ta rasu, aka ce fita ta yi kafin arba'in sanyi ya shige ta. Ni ma da wannan al'adar na tashi, ni na riƙa tsare ƙofar. Sai da na tsaya a kicin ɗin nan na ga cewa rashin fita na gida daban, na nan daban.

Na ce, "Gobe in ka dawo ka kira min ita."

Ya dawo da wuri, bayan la'asar, lokacin su can suna karin kumallo. Na ce mu sauka ƙasa. Ya riƙe wayar, fuskar Hajiya ta cika ta, da kofin shayi a hannu. Muka gaisa.

"Yaya angona?"

"Yana nan yana kuka. Ba ya ƙoshi."

"Na ji wai fita za a yi da uwarsa. Arba'in ɗin Malesiya gajere ne, ko can ma agogonsu ya riga namu?"

"Hajiya, da kika haifi wannan, a ina kike shan hantsi?"

"Tsakar gida mana. A gindin ɗakin girki, a kan tabarma."

"Da rufi a samanki?"

"Wane irin rufi kuma?"

"Mutum nawa kike gani a wuni?"

"A gidanmu? Wa zai ƙirga. Mai kitso ta zo, mai dillanci ta zo, 'yan barka ba sa yankewa."

"To ita bango take gani, sai ni. Ni kuma kin san ban iya hira ba."

Ta yi dariya har shayin ya kusa zubewa. "Wannan kam na shaida. Ranar ɗaurin aure na ɗauka fushi kike da mu."

Na ce wa surukina ya juya wayar. Na riƙa nunawa. "Ga zaure, ga mai gadinsa. Ga katanga ta zagaye. Ga igiyar shanya. Ga murhu." Tsohuwar tana zaune a rumfarta, ta ɗaga wa wayar abin juyi.

"Wannan murhu ne ko teburin guga?"

"Murhu ne. Wutar tana ƙasa."

"Maza fa?"

"Da hantsi duk sun tafi nema. Sai maigadi, shi ma gyangyaɗi yake."

Ta ajiye kofin. Dariyar ta tafi. "Ƙanwata ma haka aka ce, ba nisa."

"Na sani. Allah ya jiƙanta. Wannan kuma in ba ta ci abinci ba, kwantar da ita za su yi, su raba ta da yaron."

Ashe ba ta sani ba, ɗan ya ɓoye mata. Ta ce ya juyo da wayar wajensa.

"Kai. Shi ne kullum kake ce min lafiya lau?"

Ya sunkuyar da kai, babban mutum mai gemu. Muna jin kukan kaji a bayan Hajiya.

"Ta sa safa," in ji ta. "Ta rufe kunnuwanta. Kada ta wuce zauren nan naku. Kada ta kai la'asar a waje."

"To."

"Kuma in dangi suka tambaye ni, ni a tsakar gida na san take."

Surukina ya yi wa tsohuwar bayani da ɗan yarensu da ya iya. Ta haɗe fuska, ashe su ma matansu ba sa fita, nasu ma har ya ɗara namu tsawo. Ta kalli sama inda tagoginmu suke, ta kalle ni. Ta shiga ɗaki ta fito da kujerar roba da matashi, ta ajiye a gefen ƙarfen inda iska ba ta bugawa. Ta koma ta fito da safa mai kauri ta danƙa min. A kan safa dai duniya ta haɗu.

Washegari bayan wanka ban tambayi 'yata ba.

"Ke, ɗauko yaron. Zo ki riƙe min murfi."

"Inna, ban yi arba'in ba."

"Tsakar gida ne. Hajiya ta gani da idonta."

Ta kalle ni kamar za ta ce wani abu. Na miƙa mata safa da hijabi na yi gaba da robar ƙulli. A bakin lif na tsaya ban waiwaya ba, har na ji takunta.

Da muka fito fili ta runtse ido, hasken ya yi mata yawa. Tsohuwar ta karɓi yaron tana yi masa surutu da yarensu, ta zaunar da uwar a kujera. Ana jin ƙarar babura daga titi, wata tana kakkaɓe tabarma a sama, kyanwa tana kwance a ƙarƙashin mota. Na buɗe tukunyar gas, na murɗa maɓalli biyu, na bar na ukun da yake wajen 'yata a kashe. Na leƙa wutar. Na jira, na yarfa ruwa, ya yi rawa. Na shafa mai na zuba na rufe.

Na farkon ya yage. Na ture shi can gefen ɗumi, kusa da gwiwarta, na juya baya.

Tsohuwar ta ɗauko faranti za ta sa mata. Na kama wuyan hannunta yadda ta kama nawa, na girgiza kai. Ta kalle ni, ta mayar da farantin.

Na soya na biyu, na soya na uku. Ta gefen ido ina ganin yagaggen yana nan. Na baza albasa a wajen zafi, na jera naman da na yanka siriri na barbaɗa yaji. Hayaƙin ya tashi ya bi iska, ba bangon da zai tare shi. Ƙullin yana raguwa, na fara tunanin ko na yi kuskure, ko abin da ya yi wa ƙaramar yarinya ba zai yi wa uwa ba.

Sai ga wata matar ɗalibi ta hawan tsakiya, 'yar Zariya, ta dawo daga kai yara makaranta. Ta ja ta tsaya da jaka a kafaɗa.

"Inna, me nake ji haka? Sinasir a Setapak?"

"Shi ne."

"Ni ba ruwana da kunya yau." Ta sa hannu ta ɗauka daga ƙarfen, ya ƙona ta, ta riƙa jefa shi daga hannu zuwa hannu tana hurawa. "Mai jego, haka ake yi? Ku ɓuya kuna cin daɗi, mu muna can muna fama da taliyar leda? Wallahi sai na faɗa a guruf ɗinmu na waya."

Ta ja bokiti ta kifa ta zauna, ta shiga ba da labarin mai gidan hayarsu da famfon da ya ƙi gyarawa, tana ci tana kwaikwayon muryarsa. Tsohuwar ba ta jin komai amma dariya take. Ni ina suya. Da na juya in ajiye wani, gefen ƙarfen babu komai.

Na ci gaba da aikina. 'Yar Zariyar ta gani, ta ci gaba da zancen famfo kamar ba ta gani ba. Allah ya yi mata albarka.

Na zuba wani na rufe. Da ya yi, na sa bakin abin juyi na tsaga shi biyu. Tunda nake suya ban taɓa lalata abu da hannuna ba sai ranar. Na ture shi gefe, na ɗora yankan nama a kai kamar faɗuwa ya yi.

Daga bayana na ji 'yata ta ce, "Inna, wannan da gangan kika yaga."

"Ki ci ko ki bari."

Ta ci. Ta ce tsamin ya ɗan yi yawa. Na ce zafin garinsu ne. Tsohuwar ta kawo mata ruwan citta mai ɗumi, ta sha maganinta da shi.

Ba a rana ɗaya ta warke ba, kada wani ya ɗauka haka. Akwai ranar da ta ƙi sauka, na soya na ba maƙwabta. Akwai ranar da ta sauka ta zauna ba ta taɓa komai ba. Amma yawancin safiya muna ƙasa. Matan benen suka gano, wannan ta zo da ƙwai, waccan da fulawa ta ce a gwada gurasa, aka gwada ta yi. Wata rana ruwa ya tsuge tun hantsi, muka matsu a ƙarƙashin rumfar mu duka muna cin wainar fulawa, kwanon yana ƙara ba mai jin wani. Na ga 'yata ta miƙa ƙafa ruwan ya taɓa safar, na yi kamar ban gani ba. Hajiya in ta kira ta daina tambayar fita, sai dai ta ce me aka ɗora a teburin guga yau.

Surukina ya ce zai sayi ƙarami nasu. Na ce ya duba kaurin ƙarfen, siriri lanƙwasa yake in ya ji wuta, kuma ya sayi mai maɓalli biyu aƙalla don a samu gefen ɗumi. Na ce kafin ya soya komai ya shafa mai ya ƙona, ya sake, har ya yi baƙi. Na ce kuma in a baranda can sama zai ajiye, ya bar kuɗinsa.

Ranar awo muka koma asibiti. Aka ɗora yaron a ma'auni, aka ɗora uwar. Likitar ta duba, ta yi tambayoyi, 'yata tana amsawa da kanta. Ni ina kallon bakinsu. Surukina ya juyo zai fassara min, ta riga shi.

"Inna, ta ce ba za a kwantar da ni ba. In ci gaba da maganin, mu dawo wani awon. Ta ce yaron ya ƙaru, amma da saura."

Na ce to.

Motar haya ta sauke mu a ƙofar benen. Maigadi ya farka ya ɗaga mana hannu. Ni da surukina muka nufi lif. Ita ta miƙa min yaron, ta ratse zuwa rumfar, ta yaye tamfol ɗin ta naɗe shi. Ta durƙusa ta buɗe tukunyar gas.

"Akwai sauran ƙulli a firji, Inna?"

"Akwai."

"Malam, ɗauko mana," ta ce wa mijinta. "Ka haɗo da zobena, yana kan taga."